Tarihin Birkin Keke: Tsakanin Tudun Gwandu Da Fadamar Kalgo



Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na kabu-kabu suka tashi, mutane da yawa a Kebbi suka waiwayi keken da suka jingine shekara da shekaru. Wani ƙanenmu ɗan ƙasar Gwandu, da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ya lissafa abin da yake kashewa kullum wajen zuwa aji da dawowa, ya ga ba za ta ɓulle ba. Ya tara ɗan abin da ya tara, muka raka shi wajen masu sayar da kekunan gwanjo.

Kekuna biyu suka shiga ransa. Dukkansu masu kaurin taya ne, masu giya, irin waɗanda Turawa suka ƙera don hawan dutse. Na farko birkinsa roba biyu ne da ke matse gefen rim, kamar yadda muka saba gani. Na biyu kuwa yana da wani ɗan faifan ƙarfe mai huji-huji a tsakiyar wili, shi birkin ke kamawa. Mai kaya ya dafa na biyun ya ce, "Wannan birkin mota ne, yaro. Ka taɓa shi ka tsaya." Kuɗinsa kuma ya ɗara na ɗan uwansa nesa. Muka tsaya muna kallon juna, don duk cikinmu babu wanda zai iya cewa ga wanda ya fi, ga kuma dalili. Kuɗin nan kuwa in sun tafi ba su dawowa. Wannan tsayuwa ce ta sa muka koma muka bi sawun birki tun daga farkonsa.

Linzami da tafin ƙafa

Kafin keke ya zo ƙasar nan, kakanninmu sun san cewa darajar abin hawa tana wajen tsayawarsa. Duk wanda ya taɓa kallon jafi a hawan salla ya ga haka. Mahaya za su sako dawaki a sukwane, sai sun zo dab da sarki su ja linzami, doki ya kafe ƙafafu ya tsaya cak, ƙura ta turnuƙe. Gudun kowane doki mai lafiya yana iya shi. Tsayawar ce ke nuna gwanin mahayi da horon doki da aikin maƙerin da ya ƙera linzamin.

A watan Afrilun 1817 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato. Bayan wata biyu, a garin Mannheim na ƙasar Jamus, wani mutum mai suna Karl von Drais ya fito da wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ba shi da feda, ba shi da sarƙa. Mutum yana zaune a kai yana tunkuɗa ƙasa da ƙafafunsa. Shi ne kakan duk kekunan duniya. Tafin ƙafa ma tsohon birki ne, kuma har gobe yaran unguwanninmu ba su sake shi ba: in birki ya mutu sai a danna silifas a kan taya, a ci gaba da harka.

A shekarun 1860 maƙeran birnin Paris suka liƙa feda a ƙafar gaba. A shekarun 1870 aka yi yayin keke mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar mitsitsiyar ta baya, mahayi yana can sama kamar mai raƙumi. Birkin wancan zamani wani ƙarfe ne mai kama da cokali da ke danna bayan taya. In mutum ya matsa shi da ƙarfi, keken ya tsaya shi kuma ya wuce ta ka. A 1885 John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila ya fito da keke mai ƙafafu kusan daidai da juna, sarƙa na juya ta baya, wato siffar da muka sani yau. A 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya kawo taya mai iska. Tayar iska ta ƙara gudu da daɗin hawa, amma cokalin nan yana cinye ta.

Sai kuma wani sauyi da ba a cika ambatonsa ba. A da, feda da ƙafar baya a ɗaure suke: in wili na juyawa feda na juyawa, mahayi yana iya rage gudu ta hanyar turjewa da ƙafafunsa. A ƙarshen shekarun 1890 firiwil ya yaɗu, wannan da ke barin mutum ya daina tuƙi keke na ci gaba da tafiya yana ƙaras-ƙaras. Daga ranar ƙafa ta rasa ikonta a kan wili, birki na gaskiya ya zama dole. Amurka da Jamus suka fi karkata ga birkin da ke ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, wanda ake kamawa ta hanyar mayar da feda baya. Ingila da Faransa suka karkata ga birkin da ke kama rim. Su Ingilishi suka haɗa hannun birki da robar ta hanyar 'yan sandunan ƙarfe. Wannan birkin sanda shi ne rabonmu, domin Ingila ce ta mulke mu.

Basukur a ƙasar Gwandu

Turawan Ingila sun ci Sakkwato da Gwandu a 1903. Bayan tawayen Satiru na 1906, Birnin Kebbi ta tabbata a matsayin mazaunin Sarkin Gwandu, garin Gwandu kuma ya zauna da darajarsa ta tarihi da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Keke ya shigo tare da sabon mulkin. Da farko abin hawan ma'aikata ne: akawu, masinja, malamin makaranta, malamin gona, duba-gari. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, amma bai taɓa zuwa ƙasar Gwandu ba. Saboda haka kayan kantunan Turawa irin su UAC da John Holt sai sun biyo mota da manyan kasuwanni kamar Jega kafin su iso ƙauyukanmu. Da kuɗin gyaɗa da auduga da shinkafa suka fara zama a hannun manoma, keke ya shiga jerin abin da saurayi ke mafarkin mallaka bayan kaka.

Ko sunayensa suna ba da labarin hanyoyin da ya biyo. Tsofaffi suna cewa basukur, kalmar da bakinmu ya lanƙwasa daga Turanci. Keke kuwa daga Yarabawa muka aro. Masu kirari suka ce dokin ƙarfe. Sarkin kekunan wancan lokaci shi ne Raleigh na garin Nottingham, sai irin su Hercules da Rudge da Phillips. Tallan Raleigh da ya zagaye Afirka hoton wani mutum ne a kan keke yana dariya, zaki na bin sa a baya ya kasa cim masa. Ku lura, gudu aka tallata mana. Ba wanda ya yi hoton yadda mutumin zai tsaya in ya iso gida.

Hukumar En'e ta sa wa keke lasin, ana biya ana karɓar 'yar lamba a ɗaura. An riƙa harhaɗa kekuna a Zariya, daga baya kamfanin Raleigh ya yi masana'anta a Kano. Da darajar naira ta karye bayan tsarin SAP na 1986, kekunan Phoenix na Sin da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwa. Sunaye sun sauya, ƙira ba ta sauya ba: baƙin keke, taya mai inci 28, kariya a baya, birkin sanda.

Me ya sa birkin sanda ya yi wannan dogon zamani a wurinmu? Domin babu abin da ya ɓoye. Duk gaɓoɓinsa a fili suke, ido na ganin inda ya lalace. In sanda ta lanƙwashe maƙeri ya miƙe ta. In noti ya kwance a ɗaure. In roba ta cinye kuma babu sabuwa, mai faci ya yanko guntun tsohuwar tayar mota ya sassaƙa ya cusa. Ko rim ɗin in ya gama aiki ba a yar da shi, yara ne ke gadonsa su yi gare. Kayan da kowane ƙauye ke iya gyarawa shi ke zama ɗan gari.

Amma yana da aibinsa, kuma duk wanda ya hau shi da damina ya sani. Rim ɗin ƙarfe ne mai sulɓi da aka shafe da farin ƙarfe mai ƙyalli. In ya jiƙe, roba na zamewa a kansa kamar sabulu, sai wili ya yi juyi da yawa kafin ruwan ya share birki ya fara kamawa. In kuma wili ya karkace saboda kaya ko rami, birkin ya riƙa kamawa yana saki. Da yawa daga masu dakon kaya sukan gaji su sassauta shi gaba ɗaya.

A ƙasar Gwandu wannan aibi ya fi fitowa, saboda yanayin wurin. Garin yana zaune ne a kwari, tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai sun kewaye shi. Waɗannan duwatsu suna cikin abin da ya taimaki jama'ar Shehu lokacin da abokan gaba suka biyo su har Gwandu bayan yaƙin Alwasa a 1805. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853 zamanin Sarki Halilu. A nan ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan, ya kuma rubuta yadda tuddai suka zagaye garin da yadda albasa ke yi a kwarinsa. Hatta masana ilimin ƙasa sun raɗa wa wani shimfiɗin yashi da yumɓu na wannan yanki sunan Gwandu. To, keken da aka ƙera don titunan Nottingham shi aka ɗora wa buhun albasa aka ce ya gangara kan tsakuwa. Maganin da iyayenmu suka samo mai sauƙi ne: in an zo gangare a sauka a riƙe keke a taka. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Dutsen da ya ƙona giris

Can a jihar California ta Amurka, a shekarun 1970, wasu samari a yankin Marin suka ƙi sauka su taka. Suka tattaro tsofaffin kekuna masu kaurin taya na shekarun 1930 da 1940, suna hawa da su kan duwatsun da ke kewayen tsaunin Tamalpais suna gangarowa a guje. A watan Oktoban 1976 suka fara tsere a wata hanya da ke sauka kimanin mita 400 cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 4 ba. Birkinsu irin na cikin cibiya ne. Kafin su kai ƙasa ya yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake ɗura wani. Daga nan hanyar ta sami sunanta, Repack, wato sake ɗuri. Wasan hawan dutse da keke ya samo asali ne daga gazawar birki.

Cikin samarin akwai Joe Breeze, wanda ya ƙera keke na musamman don wannan aiki a 1977, da Gary Fisher da Charlie Kelly da Tom Ritchey. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga kekunan dutse na farko da aka yi da yawa don kasuwa. Birkin waɗannan kekuna na rim ne da waya ke ja, rim ɗin kuma na alminiyam, wanda roba ke kamawa fiye da farin ƙarfe ko da a jiƙe. A 1996, shekarar da tseren keken dutse ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta, kamfanin Shimano na Japan ya yaɗa birkin V-Brake, mai dogayen hannuwa biyu a tsaye da waya ke haɗe kawunansu. Shi ne a jikin keken farko da ƙanenmu ya gani.

Shi kuwa faifai daga mota ya gangaro, don haka mai kaya bai yi ƙarya ba. Frederick Lanchester ya yi rajistar irinsa a Birmingham a 1902, amma sai bayan shekara hamsin ya kankama, lokacin da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa da shi a 1953. Motar Citroën DS ta fito da shi a 1955, babur ɗin Honda CB750 a 1969. A kan keke an yi ta gwada shi tun shekarun 1970 yana zuwa da nauyi da tsada, sai a ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni irin su Hayes na Amurka da Hope na Ingila suka yi wanda ya karɓu. Cikin 'yan shekaru ya mamaye kekunan dutse masu tsada. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ba ta sakar wa masu tseren kan kwalta shi gaba ɗaya ba sai a 2018.

Yadda kowanne ke aiki

In muka duba da kyau, rim ma faifai ne, babba. Faɗin rim na taya mai inci 26 ya kai kimanin santimita 56. Faifan da aka fi sa wa keke kuwa santimita 16 ne, akwai na 18 da na 20. Wanda ya tare ƙofa daga bakinta, yatsa ɗaya ya ishe shi. Wanda ya tare ta kusa da inda aka kafe ta, sai ya sa ƙarfi. Haka birkin faifai yake: tunda kusa da cibiya yake kamawa, dole ya matse da ƙarfin da ya ninka na birkin rim sau uku da wani abu kafin su yi daidai. Shi ya sa takalmansa ba roba ba ne, wani abu ne mai tauri, kuma tazarar da ke tsakaninsu da faifan ba ta wuce kaurin 'yan takardu ba.

To ina fifikonsa? Na ɗaya, yana nesa da ƙasa. Rim kowane juyi sai ya tsoma baki cikin ruwa da laka da yashi, faifai kuwa yana can tsakiya. Na biyu, in wili ya karkace babu ruwansa. Na uku, ba ya cin rim. Robar birki in ta kwashi yashi takan zama kamar magagari, tana goge alminiyam a hankali har gefen rim ya sirance ya tsage. Na huɗu, a dogon gangare zafin birki yana tsayawa a faifai, ba ya isa ga tif. Na biyar, wanda ke aiki da mai yana da laushi a hannu, yatsa ɗaya ko biyu sun isa.

Aibinsa ma a fili yake. Takalmansa iri-iri ne, kowane kamfani da siffarsa, na wannan ba ya shiga gidan wancan, kuma ba a sassaƙa su daga tsohuwar taya. In mai ko giris ya taɓa su sun lalace, sai ƙara ba kamu. Mu kuwa al'adarmu ce mu tsiyaya baƙin mai a duk inda keke ya yi kuka. Faifan siriri ne, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, in an jibga keke a bayan a-kori-kura aka ɗora masa buhu zai iya lanƙwashewa ya riƙa gurza. Mai aiki da mai kuma kashi biyu ne: Shimano da Magura suna amfani da wani mai na musamman, Hayes da Avid suna amfani da irin man birkin mota. In aka zuba na wannan a gidan wancan, robobin ciki su kumbura, birki ya tashi aiki. Akwai kuma faifai mai aiki da waya, wanda bai kai mai mai laushi ba amma ya fi shi sauƙin gyara.

Abu ɗaya ya haɗa su duka: birki wili yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da keke. A kan tsakuwa ko yashi, in wili ya kulle keke zamewa zai yi, ko nawa aka sayi birkin. In kuma gudu ya ninka biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya ninkawa huɗu yake yi.

Gwandu da Kalgo

Ƙasashen nan biyu tambaya daban-daban suke yi wa birki. Mai bin hanyoyin Gwandu zuwa Dalijan ko Kambaza yana fama da hawa da gangara da tsakuwa, mafi yawan shekara a bushe. A busasshiyar ƙasa, V-Brake mai sabuwar roba a kan miƙaƙƙen rim na alminiyam yana iya kulle wili tsaf, kuma gangaren namu gajeru ne, ba irin na tsaunukan Turai da ake sauka rabin awa ana riƙe da birki ba. Abin da ke damunsa a nan shi ne rami da kaya da ke karkata wili.

Mai bin ƙauyukan Kalgo irin su Diggi da Zuguru, ko mai gonar shinkafa a fadama, laka ce abokiyar gabarsa. Yumɓun fadama yana dunƙulewa tsakanin taya da hannuwan birkin rim har wili ya ƙi juyawa, sai an tsaya an sa kara an ƙwaƙule. A nan faifai ya yi fice ba gardama. Sai dai daminarmu wata huɗu ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin ƙura ce da rana da ƙaya. Kai, a gaskiya abin da ya fi tsayar da keke a ƙasar nan ba birki ba ne, tsidau ne.

Da muka ga lissafin ya ƙi ƙarewa, muka tafi wajen wani dattijo mai gyaran keke da ya fi shekara talatin a gindin bishiya ɗaya. Muka gaishe shi, ƙanenmu ya ce, "Baba, shawara muka zo nema." Ya saurara har muka gama, sannan ya jawo wata tsohuwar gwangwanin madara cike da robobin birki ya girgiza ta. Ya ce, "Ɗana, wanga duk inda ka kai shi cikin ƙasag ga akwai shi. Wancan mai faifai, in takalminai ya ƙare sai an aika Sakkwato ko Kano, kuma sai an dace da irinai. Ban ce ba shi da kyau ba. Amma ɗauki wanda nika iya gyara ma ran da kaka da jarrabawa."

Maganar dattijon nan ta yi daidai da abin da wasu injiniyoyi suka gano a wani gefen Afirka. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ta ƙera keke mai suna Buffalo don ƙauyukan Zambiya da Kenya da maƙwabtansu, kariyarsa na ɗaukar kilo 100. A zamanin da faifai ke tashe, birkin da suka zaɓa masa shi ne tsohon nan na cikin cibiya, irin wanda ya ƙone a Repack, domin a rufe yake, ruwa da ƙura ba su cika damunsa ba, ba ya kuma bukatar waya. Birkin da ya kunyata a dutsen California shi ya fi dacewa da hanyar ɗalibar ƙauye. Kowane allazi da nasa amanu.

Ƙanenmu ya ɗauki mai V-Brake. Kafin ya biya, dattijon ya koya masa abin dubawa: ya shafa gefen rim ya ji ko ya yi kwarmi, ya ɗaga keke ya juya wili ya ga ko yana layi, ya matse hannun birki ya ga ko yana taɓa kan keke. Ragowar kuɗin ya sayi tif biyu da robobin birki da sabuwar waya da fitila da kwaɗo. Da a ce manomin fadama ne mai shiga laka kullum da damina, da mun ce ya ɗauki faifai mai waya, da sharaɗin kada ya bar shagon sai da takalman canji a aljihu, kuma ya hana kowa kusantar faifan da mai. Faifai mai aiki da mai kuwa, a yau, na wanda ya san inda zai samo mansa da mai gyaransa ne.

Mun ce a yau, domin abin ba zai zauna haka ba. Keken gwanjo da ke iso mana ta Kwatano shi ne wanda Turai ta hau shekara goma ko ashirin da suka wuce. Tunda yanzu kusan duk sabon keken dutse na kirki a can da faifai yake fitowa, nan gaba kaɗan shi zai cika rumfunanmu, ko muna so ko ba ma so. Birkin sanda ma baƙo ne ranar da ya zo, sai da maƙera da masu faci suka fahimce shi sannan ya zama namu. Saurayin da ya zauna yau ya koyi miƙe faifai da fitar da iska daga bututun mai, ya kuma san inda ake sarin takalma, shi zai gaji gindin bishiyar dattijon nan a Kalgo ko a Gwandu.

Shi dai ƙanenmu ya shiga damina ta biyu da kekensa. Sau biyu ya canza roba, sau ɗaya aka ɗaure masa wili. Ya ce ranar da aka yi ruwa yakan fara taɓa birki tun daga nesa don rim ya bushe kafin ya iso mahaɗar Kalgo, in kuma ya je gida ya ɗauko kaya, akwai gangare ɗaya da har yanzu yake sauka ya taka, kamar yadda kakansa ya riƙa yi.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.